Ƙarfi Ba Sai Da Ƙarfe Ba

Jawabi ga samari 'yan dambe da 'yan kokawa

Ku gyara zama, ku kasa kunne.

Maganar da na zo da ita yau guda ɗaya ce. A zamanin nan an sa wa samari a rai wai mutum ba ya yin ƙarfi sai ya ɗaga ƙarfe. Mai kuɗi ya kan biya ya shiga gidan motsa jiki. Wanda ba shi da hali ya kan cika gwangwani biyu da siminti, ya soka musu bututu, ya yi ta ɗagawa cikin zaure. Wanda ba shi da ko kuɗin siminti kuwa, sai ya zauna ya yi tagumi, ya ce fage ba nasa ba ne. To, saboda na ukun nan na tsaya gabanku. So na ke in nuna muku kowane ɗayanku ya zo nan ɗauke da nauyin da zai ishe shi horo, watau jikinsa. Amma akwai sharaɗi guda, in an bar shi, aikin banza a ke yi. Bari in fara ba ku labarin wani mutum, sa'an nan mu zo kan sharaɗin.

LABARIN GAMA

A ƙasar Indiya, cikin lardin Fanjab, kusa da birnin Amritsar, an haifi wani yaro cikin 1878. Sunansa Gulam Muhammad, amma duniya ta fi saninsa da Gama. Gidansu gidan kokawa ne, gado ya yi, ba haye ba.

'Yan kokawar can suna da wasu ayyuka biyu waɗanda ba su fashinsu. Na fari suna ce da shi baitak, watau mutum ya tsuguna ya miƙe, ya tsuguna ya miƙe, ba tsayawa. Na biyu suna ce da shi dand, watau mutum ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugu sama, ya sulalo da ƙirji har ya kusa shafar ƙasa, ya turo kansa sama, ya sāke komawa. Ban da waɗannan su kan hau igiya, su kan kuma kafce ƙasar fagensu da wata ƙatuwar fartanya kafin su fara wasa.

Masu ba da tarihinsa sun ce yana da shekara 10 Sarkin Jodfur ya tara 'yan kokawa fiye da 400, ya sa a yi gasar baitak, a ga wanda ya fi jimiri. Aka yi ta tsugunawa ana miƙewa, ƙarti suna ta zubewa ɗai-ɗai, har saura mutum 15, ga yaron nan cikinsu. Sarki ya tsai da wasa, ya ce yaro ya ci, tun da ya ke shi ne ƙaraminsu. Da ya zama mutum, an ce a yini ya kan yi baitak 5,000 da dand 3,000.

Gama ba dogo ba ne, tsawonsa ƙafa 5 ne da inci 7. Cikin 1910 ya tafi Landan neman abokin karawa. Ya fara da wani Ba'amurke, Benjamin Roller, ya ka da shi sau biyu, na fari cikin minti 1 da sakan 40. Ran 10 ga Satumba aka haɗa shi da Zibisko, wani ƙato mutumin Folan, wanda ya fi shi nauyi nesa. Ku sani, a irin wannan kokawa ba a cewa an yi kaye sai kafaɗun mutum biyu sun taɓa ƙasa. Da Zibisko ya ji hannun Gama, sai ya kwanta rub da ciki, ya manne wa ƙasa kamar kaska, ya ƙi tashi har fiye da awa biyu da rabi. Aka tashi ba kaye, aka sa ran 17 ga wata a sāke. Ranar ta zo, Gama ya fito fage, aka nemi Zibisko aka rasa. Aka ba Gama ɗamarar nasara. Cikin 1928 suka sāke gamuwa a Fatiyala, Gama ya ka da shi kafin minti ɗaya ya cika. Ya yi wajen shekara 50 yana kokawa, ba wanda ya taɓa cinsa. Ya rasu a Lahor cikin 1960.

Kada ku ce wannan abin Indiyawa ne. Ku tuna kakanninku da suka yi suna a fagen dambe da kokawa. Wane gidan ƙarfe suka shiga? Damina ta sha su suna huɗa da noma, suna faskare, suna jan guga a rijiya mai gaba ashirin, mahauta suna ka da bijimi da hannu. In kaka ta yi, sai su fito fage da jikin da aiki ya gina. Su, sana'a ta hore su ba su sani ba. Da yawanku kuwa yau bisa babur ku ke yini, ko a bakin kanti. Saboda haka abin da ya zo musu a ɓagas, ku sai kun neme shi da gangan.

TSOKA BA TA DA IDO

Yanzu mu duba dalili. Tsoka, watau naman da ke motsa ƙashi, tarin zare ne sirara, kamar igiyar rama. In ka ɗora mata aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, sai ta gaji. In ka ci abinci, ka yi barci, sai jiki ya gyara zaren nan, ya ƙara musu kauri, don gobe kada a sāke ba shi kunya. Haka kuma jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa su kan koyi tā da zare da yawa gaba ɗaya. Shi ya sa cikin makonnin farko mutum ya kan ji ƙarfinsa ya ƙaru tun dantsensa bai kumbura ba.

To, tsoka ba ta da ido. Ba ta san ko ƙarfe ne ya danne ta ba, ko dutse, ko nauyin mai ita. Nauyi kaɗai ta sani.

Nawa ne nauyin nan? Masu bincike sun auna. Sun sa mutane sun dafa ma'auni da hannu, suna sauke ƙirji ƙasa suna turowa sama, jiki miƙe kamar azara. Mu kira wannan aiki turin ƙasa. Sun tarar hannuwa na ɗaukar wajen kashi 64 cikin 100 na nauyin jiki. Watau saurayi mai kilo 70, duk turi guda ya ɗaga kusan kilo 45 ke nan. In ya durƙusa bisa gwiwa, nauyin ya kan sauko kusan rabin jikinsa. In ya ɗora ƙafafunsa bisa abu mai tsayin ƙafa biyu, ya kan hau kusan kashi uku cikin huɗu. Kun ga ashe mutum na iya ƙara wa kansa kaya, ya rage, ba tare da ya sayi kome ba.

Cikin 2017 wasu malamai biyu a Jafan, Kikuchi da Nakazato, suka raba samari gida biyu. Kashi ɗaya suna kwanciya bisa benci suna tura ƙarfe marar nauyi ainun, ɗayan kashin suna turin ƙasa, an daidaita musu nauyin. Sau biyu a mako, har mako 8. Da aka auna, sai aka ga kaurin tsokar ƙirji da ƙarfinta sun ƙaru kusan daidai a duka gidajen biyu.

SHARAƊIN

Ga sharaɗin da na yi muku alkawari. Lalle ne aikin ya riƙa ƙara wuya, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa.

Yunanawan dā suna da labarin wani ɗan kokawarsu, Milo na birnin Kuroton, wanda ya ci wasannin Olimfik sau 6, fiye da shekara 2,500 da suka wuce. Sun ce wai ya kan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa kowace rana. Maraƙi yana girma, ƙarfinsa yana girma, har ran nan aka gan shi saɓe da bijimi. Ku duba, da a ce maraƙin nan ya tsaya bai girma ba, da ƙarfin Milo ma ya tsaya.

Nan ne yawancin samari su ke ɓata. Yaro ya iya turin ƙasa 30, sai ya yi ta maimaita 30 ɗin nan shekara guda, ya ce abin ba shi da amfani. Wani kuma ya yi ta ƙara lissafi, 50, 100, 200. Wannan ya fi na fari, amma ku lura. Aikin da ka ke iya yinsa sau 30 ko fiye cikin sauƙi, jimiri ya ke ƙara maka, ba ya ƙara ƙarfi sosai. In ƙarfi ka ke so, sai ka sāke wa aikin kama, yadda sau 6 zuwa 12 zai gajiyar da kai. Ɗan fage yana bukatar duka biyu. Saboda haka wata rana ka yi mai yawa mai sauƙi, wata rana ka yi kaɗan mai wuya.

DON ME YA DACE DA ƊAN FAGE?

Dalili na fari, a fage ba wanda zai ba ka benci ka kwanta. A tsaye ka ke, ƙafa na tokare ƙasa, ƙugu na juyawa, sa'an nan hannu ya fita. Naushi daga ƙafa ya ke tasowa, hannu ɗan aike ne kawai. Ayyukan da a ke yi da nauyin jiki suna sa hannu da ciki da baya da ƙafa su yi aiki tare, yadda fage ke so.

Na biyu, numfashi. A damben zamani minti 3 a ke yi, a huta minti 1, a koma, wani lokaci har sau 12. Cikin 1974, a Kinshasa, Muhammad Ali ya kara da George Foreman. Kowa ya san Foreman ya fi shi nauyin hannu. Ali ya jingina da igiya ya bar shi ya yi ta duka har ya gaji, a turmi na 8 ya kai shi ƙasa. Ƙarfin da ba shi da numfashi wutar kara ne. Wanda ya saba tsugunawa da miƙewa ɗari-ɗari ba ya saurin haki.

Na uku, mai horo da nauyin jikinsa ba ya iya ruɗin kansa. In ya tara teɓa, reshen da ya ke ja zai gaya masa nan da nan. A wasannin da a ke auna mutane kafin a haɗa su, ƙarfin da ke cikin kowane kilo shi ne abin lura.

Na huɗu, kayan aikinka na tare da kai ko'ina, a gona, a masauki, a garin da kuka je wasa.

AYYUKA BIYAR

Kafin kome, ka ɗumama jiki. Ka yi ɗan gudu ko tsallen igiya na minti 5 zuwa 10, har gumi ya fara tsattsafowa.

Na ɗaya, turin ƙasa. Jiki miƙe, kada ciki ya lotsa, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari. Sabon shiga ya fara da dafa bango ko benci. In ya iya 20, ya sauko ƙasa. Daga nan ya ɗora ƙafa bisa turmi. Daga nan ya karkatar da nauyinsa wajen hannu ɗaya, har ya kai ga yi da hannu guda. Mai son saurin naushi ya turo da ƙarfi har hannuwa su bar ƙasa, ya tafa. Ku 'yan dambe, kada ku fifita hannun da a ke naɗe wa zare ku manta da ɗaya. Hannun kāriya in ya gaji ya sauka, fuska ta buɗe.

Na biyu, tsuguna-miƙe. Tafin ƙafa a shimfiɗe, gwiwa na bin saitin yatsu, baya a miƙe. In 50 sun yi sauƙi, ka sa ƙafa ɗaya gaba, ka ɗora ta bayan bisa kujera. In wannan ya yi sauƙi, ka tsuguna da ƙafa ɗaya, kana dafe da bango, har ka iya sakinsa. Ka kuma riƙa tsugunawa ka zabura sama, ka dira a hankali, sau 5 ko 6, ka huta.

Na uku, ja. Wannan shi a ke yawan mantawa, alhali kuwa kokawa rabinta ja ne. Ka sami reshe mai ƙwari, ka gwada shi tukuna, ka kama, ka ja jikinka har haɓa ta wuce shi. Wanda bai iya ba ya taka wani abu ya hau, sa'an nan ya sauko sannu-sannu yana ƙirga biyar. Ka rataya tsumma ko igiya a reshen ka ja da ita, yatsunka za su koyi riƙon da ba ya kuɓucewa.

Na huɗu, ciki da baya. Ka dogara bisa gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki miƙe, ka tsaya rabin minti, har ka kai minti guda. Ka yi haka ta gefen dama da na hagu. Ka rataya a reshe ka ɗago gwiwa zuwa ƙirji.

Na biyar, wuya. Ka sa tafin hannu a goshi ka tura, wuya ya hana. Ka yi haka ta ƙeya da gefe biyu, kana ƙirga goma. Kada sabon shiga ya kafa kansa a ƙasa ya bankare, sai da malami tsaye kansa.

Kowane aiki ka yi shi zubi 3 ko 4, da hutu tsakani. Kwana 3 cikin mako sun isa, da kwana guda tsakaninsu. Sauran kwanaki na gudu ne da koyon wasa, domin duk ƙarfinka, in ba ka iya wasa ba, yaro zai ka da kai. Kwana ɗaya kuwa ka huta sarai. Ka riƙa rubuta abin da ka yi cikin ɗan littafi, don ka san ko maraƙinka na girma.

IYAKAR WANNAN HANYA

Kada wani ya tashi daga nan ya ce na zagi ƙarfe. Tsofaffin masu koyar da dambe a Turai da Amurka sun daɗe suna cewa ɗaga ƙarfe na sa jiki ya sandare, hannu ya yi nawa. Bincike ya nuna ba haka ba ne, muddin an yi shi bisa ƙa'ida. Manyan 'yan wasa da yawa yau suna haɗa duka biyu.

Kuma nauyin jiki yana da iyaka, musamman wajen cinya da gadon baya, domin su ne suka fi ƙarfi, su ne kuma su ke saurin raina kayan da aka ba su. Gama kansa, da baitak ya yi masa sauƙi, sai ya riƙa rataya wani dutse mai kamar zobe a wuya, mai nauyin fiye da kilo 90. 'Yan kokawar Indiya kuma su kan juya manyan kulake na itace. Ashe shi ma sharaɗin nan ya bi. To, in ka kai wannan matsayi, ka cika buhu da yashi ka rungume shi ka tsuguna, ko ka goya abokinka ka hau tudu. Abokin karawarka ba ƙarfe ba ne mai wurin kamu, mutum ne mai mutsu-mutsu. Buhun yashi ya fi kama da shi. Amma wanda bai iya jan reshe sau 10 ba tukuna, bai kai ga damuwa da wannan ba.

GARAJE BA ƘARFI BA NE

Saura gargaɗi, shi ne kuwa ya fi kome muhimmanci. Kada wani ya ji labarin Gama ya tashi gobe ya ce sai ya yi 5,000. Shi tun yana ƙanƙane ya fara, kuma sarakuna ke ci da shi, ba shi da wani aiki sai wannan. Tsoka na saurin yin ƙarfi, amma jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi ba ta sauri. Wanda ya yi gaggawa, gwiwa da kafaɗa su za su biya bashin. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba kome ba ne. Amma in ka ji suka cikin gaɓa, ka tsaya.

Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari. In wanda bai saba ba ya yi aiki mai tsanani gaba ɗaya, musamman cikin zafin rana, tsoka na iya lalacewa, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini, ya taɓa ƙoda. Alamarsa ita ce ciwo da kumburi mai tsanani, fitsari kuma ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Wanda ya ga haka kada ya tsaya jiran gobe, a kai shi asibiti nan take. Saboda haka ku yi horonku da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, ku sha ruwa. Ku manya, kada ku mai da tsuguna-miƙe abin azabtar da yara.

Ku sani kuma, ƙarfin wuya na taimako, amma ba wani horo da ke taurara ƙwaƙwalwa. Wanda aka buga a kā ya suma, ko ya ji jiri da amai, kada a mai da shi fage sai likita ya gan shi.

Ku nisanci ƙwaya da allurar da a ke cewa tana sa ƙarfi. Wata ɓoye ciwo ta ke yi har mutum ya ƙarasa kansa bai sani ba, wata kuwa zuciya da hanta ta ke ci. Abin da ke gina tsoka yana kasuwarku: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi, da nama in an samu, bisa tuwo da fura. Sa'an nan barci, wajen awa 8, domin a fage a ke gajiyar da jiki, amma a kan tabarma ya ke ginuwa.

To, jama'a, kun ji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son ya tsaya a fage in kaka ta yi, tun yanzu zai fara. Gobe da asuba kowa ya gwada ya ga nawa ya iya cikin ayyukan nan biyar, ya rubuta. Kada mai 5 ya ji kunyar mai 50. Bayan wata uku ku buɗe littafin, ku gwada lissafin farko da na ƙarshe, gani ya kori ji.

Iyakar abin da zan faɗa muku ke nan.